Yadda Malamin Faransanci Zai Raya Iliminsa, Ya Kuma Kare Darasinsa

A yawancin makarantun sakandare na Arewacin Nijeriya, malamin Faransanci shi kaɗai ne a fanninsa. Malaman Lissafi da na Ingilishi suna da abokan shawara a ɗakin malamai, shi kuwa yana iya shekara guda bai yi doguwar hira da kowa da harshen da yake koyarwa ba. Sannu a hankali bakinsa yakan yi nauyi, har darasi ya koma gaisuwa da rubuta jerin fi'ilai a allo. Wannan ne ciwon da ya kamata a fara magancewa, domin wanda harshen ya guje wa bakinsa ba zai iya tsaya masa a gaban kowa ba.

Ka ware wa kunnenka lokaci kullum. Gidan rediyon RFI yana da labaran duniya cikin sauƙaƙƙen Faransanci na minti 10, tare da rubutun abin da aka karanta a shafinsa na intanet. Ka sauke shi a waya, ka saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutun ba, sannan ka maimaita kana bin sa da ido, kana kwafe jimlolin da suka kuɓuce maka a wani ɗan littafi. Bayan sauraro sai magana. Malamin da ke Jibiya, Illela ko Maigatari yana da takwarori a Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, kuma sada zumunci da su ba ya cin kuɗi mai yawa. Sai dai ku yi yarjejeniya tun farko cewa rabin awa na hirarku ba Hausa a cikinta, in ba haka ba da an gama gaisawa harshen gida zai ƙwace zancen.

Daga nan ka auna kanka da ma'aunin da duniya ta amince da shi. Cibiyoyin Alliance Française, irin na Kano da Kaduna da Jos, su ne ƙofar jarrabawar ƙwarewa a Faransanci ta DELF mai matakai daga A1 zuwa B2, da DALF mai C1 da C2. A DELF ana gwada sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne da maki 25, kuma ana cin jarrabawar da maki 50 cikin 100 muddin ba a gaza 5 a wani sashe ba. Takardar shaidar ba ta tsufa. A ganina duk mai koyarwa a sakandare ya kamata ya sa B2 a gaba, ko da zai tara kuɗin rajista a adashi. Ka kuma riƙa bibiyar shirye-shiryen Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991 domin a zauna cikin harshen dare da rana, sannan ka tabbatar rajistarka da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, tana nan daram.

Ka shiga ƙungiyar malaman Faransanci ta ƙasa, NAFT. Idan reshen jiharku ya yi barci, kada ka jira Abuja. Malamai biyar na shiyya ɗaya sun isa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ɗaya ya gabatar da darasi kamar yana gaban ɗalibai, sauran su gyara masa ba tare da kara ba.

Kare darasin shi ne aiki mafi wuya. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ba shi gurbi a ƙaramar sakandare, amma abin da ke takarda ba shi ke tsara jadawalin makaranta ba. Idan za ka ga shugaban makaranta, kada ka je da ƙorafi. Ka je da lissafi: ɗalibai nawa kake koyarwa, nawa suka ci jarrabawa bara, littattafai nawa ke ajin. Ka nemi abu ɗaya tak wanda zai iya yi, kamar a ɗauke darasinka daga lokacin tashi na ranar Juma'a, lokacin da hankalin yara ya riga ya tafi gida.

Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya ce: me yaro zai yi da Faransanci? Ka nemi minti biyar a taron iyaye da malamai, ka amsa musu da Hausa, cikin ladabi. Ƙasashe huɗun da muke iyaka da su, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk ana aiki da shi, kuma ko Nijar da ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025 ta bar shi a matsayin harshen aiki. Hedikwatar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ke aiki da Faransanci, tana Abuja, ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kwatano kuma yana biyan tafinta.

Ka fi mayar da hankali kan 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, domin a nan ake zaɓen darussa, a nan kuma darasinka yake rasa ɗalibai. Ranar 20 ga Maris, ranar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ka shirya musu ɗan wasan ciniki a kasuwa, ka gayyaci iyaye da kwamitin kula da makaranta su zauna a sahun gaba, su ji 'ya'yansu suna taya buhun gero da Faransanci.