Kafin ka ɗauko kwikwiyon nan, ga yadda ake lissafin kuɗin da kare ke ci a wata

Tunda sace-sace suka yi yawa a unguwanni, musamman sababbin unguwannin bayan gari inda gida ɗaya yake nan ɗaya can, mutane da yawa sun koma ajiye kare don gadi, kuma kusan kowa tambayar da yake fara yi ita ce nawa ake sayar da kwikwiyo. Toh kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin gaba ɗaya, sau ɗaya za ka biya ka huta, wani ma kyauta za a ba shi. Inda gizo ke saƙar shi ne kare yana kai shekara 10 zuwa 13 a raye, kuma kullum ta Allah sai ya ci ya sha, ba ruwansa da an yi albashi ko ba a yi ba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Malamai sun yi bayanin cewa an halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, da yawansu suka yi ƙiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata, amma fa tunda ka ɗaure shi a gidanka cinsa da shansa da jinyarsa sun hau wuyanka, wannan ba gardama.

Ka fara da nauyin karen, wato nauyin da zai kai in ya girma, kar girman kwikwiyo ya ruɗe ka. Karen gida irin namu, wanda mafarauta ke yawo da shi, yawanci kilo 15 ne zuwa 20. A cikin karnukan waje kuma, Jaman Shefad, wanda wasu ke cewa Alseshan, yana kai kilo 30 zuwa 40, Rotwaila ya ɗara haka, Bowabol da Kokeshiyan kuwa su haura kilo 60 ba wani abin mamaki ba ne. Komai na kare da nauyi ake auna shi, abinci da maganin tsutsa da maganin kaska har allurar barci in za a yi masa tiyata, don haka in ka ninka girman kare ka kusa ninka kuɗin wata kenan. Kokeshiyan ɗin nan ma da ake yayi, asalinsa karen duwatsu ne masu ƙanƙara, kai kuma ka kawo shi Kano ko Sakkwato cikin zafin Afrilu da wannan uban gashin, sai dai ka ƙara kuɗin fanka da sola a lissafi.

Aljihu na farko shi ne na kuɗin da ke fita kowane wata, abinci shi ke cinye kaso mafi tsoka. Hanya biyu ce, ko na buhu ko na tukunya. Na buhu irin su Pedigree da Royal Canin ba wahala, ka auna ka zuba, kare mai kilo 35 yana cin wajen giram 450 a rana, wato buhu mai kilo 15 zai kai shi wata da kyar, babban Bowabol sai buhu ɗaya da rabi, karen gida kuwa kilo 8 ko 9 ya ishe shi. Matsalar ita ce mafi yawansu daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, kuma kowa ya ga abin da ya faru da naira tun 2023. Sannan a garuruwanmu ba ko'ina ake samu ba, sai ka haɗa da kuɗin mota daga Abuja ko Legas ko Jos. In za ka saya ka duba ranar ƙarewar wa'adi, ka sa hanci ka shinshina, wanda ya daɗe a shago cikin zafi mansa yakan yi wani irin wari, kuma da ka buɗe buhu ka juye a bokiti mai murfi saboda ɓera da kiyashi.

Na tukunya shi yawancinmu za mu iya. Amma a nan ne ake cutar karnuka, a riƙa watsa musu ƙanzo da guntun tuwon jiya a ce ai an ba su abinci, sai ka ga kare haƙarƙari a waje gashi ya yi furu-furu, wai shi ne zai kori ɓarawo. Kare sai da nama ko abin da ya danganci nama. Ga karen gida babba, ka lissafa garin masara ko dawa ko tsakin shinkafa wajen kilo 4 zuwa 5 a wata, kusan kwano biyu kenan irin na Kano, da kayan ciki kilo 6 zuwa 7, su tumbi da huhu da zuciya da ƙafar kaza da kan kifi busasshe, hanta kaɗan-kaɗan don in ta yi yawa tana sa zawo. Ka jefa kabewa ko karas ko dankalin Hausa a tukunyar, ƙwai in an samu, ɓawon ƙwan ma kar a yar, a busar a daka ya yi laushi a barbaɗa ɗan kaɗan saboda ƙarfin ƙashi. Dabarar rage kuɗi ita ce ka yi sabo da mahauci guda a abbatuwa ko kwata, ka riƙa zuwa da sassafe lokacin da ake fiɗa ya tara maka yanke-yanken da ba a ɗora wa a teburi, ko mai fige kaji a kasuwa ya tara maka ƙafa da wuya da kai. Hatsi kuwa ka saya da kaka lokacin da ya faɗi, mutanen Kano ga Dawanau nan. Kuma kar ka manta da gawayi ko itace ko gas, yawancin masu lissafi nan suke tsallakewa, alhali tukunyar kare daban take, in ba ka da firji da wuta tsayayyiya kusan kullum ko bayan kwana biyu sai an ɗora.

Ragowar abincin gida yana taimakawa amma da sharaɗi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, kuma miyarmu kusan duk da albasa, ga yaji ga magi ga gishiri. Cakulan da inabi da goro su ma guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake kamar tsinke ya soke hanji, tiyatarsa kaɗai sai ta cinye maka kuɗin abincin watanni.

Ruwa ba a cika sa shi a lissafi ba sai in kana sayen jarka wajen 'yan garuwa. Babban kare yana shan lita 2 a rana, da zafi ya ninka, ga na wanka ga na wanke ɗakinsa. Kaskonsa da bokitinsa su zama nasa shi kaɗai, na ƙarfe ya fi don roba taunewa yake.

Sai aljihu na biyu, kuɗaɗen da ba kowane wata suke zuwa ba amma tabbas suna zuwa. Waɗannan ka haɗa na shekara ka raba 12 ka riƙa ware kason duk wata ko da ba a buƙata a lokacin. Na farko allurar haukan kare, ana yi in kwikwiyo ya kai wata 3 sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa wannan allurar a nan gida, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, sau da yawa likitocin dabbobi kan shirya yin ta kyauta, ka riƙa sa kunne. Wannan allurar ba ta wasa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da alamunta sun bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Na biyu allurar haɗaka ta DHLPP wadda ke kare shi daga su fabo, cutar nan da ke sa kwikwiyo amai da zawon jini mai ɗoyi ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ana farawa a sati 6 zuwa 8, a ƙara sau biyu da tazarar sati 3 ko 4, daga nan duk shekara. Shi ya sa shekarar farko ta fi kowace tsada. Ka je asibitin dabbobi na gwamnati a jiharku ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko likita mai rajista, kar ka yarda da yaron da ke yawo da kwalbar allura a aljihu, rigakafi in ya rabu da sanyi ya zama ruwa. A ba ka kati, a manna takardar jikin kwalbar a kai, a sa kwanan wata da hannu, ka adana shi kamar takardar fili.

Maganin tsutsar ciki kuma kwikwiyo duk sati 2 har ya kai wata 3, sai duk wata har wata 6, babba duk wata 3. Ba shi da tsada sosai.

Kaska ce ke cinye kuɗi a ɓoye, balle da damina ko in akwai shanu da tumaki a kusa. Ka ɗaga kunnen karen ka leƙa, ka buɗe tsakanin yatsunsa, za ka gan su jere wasu sun ƙoshi sun yi ɓul-ɓul kamar wake. Shan jinin ma da sauƙi, zazzaɓin da suke sakawa ne matsalar, kare ya daina cin abinci dadashinsa ya yi fari fat, wani har haɓo yake yi. Akwai maganin wanka irin amitraz mai arha wanda sai an auna shi daidai yadda likita ya ce kuma a fesa har bango da tsagar siminti don can suke ɓuya su yi ƙwai, akwai kuma ƙwayoyin taunawa masu tsada, NexGard na wata ɗaya, Bravecto na sati 12. Kowanne ka zaɓa ka raba kuɗinsa a wata. Abin da dai ba a yi shi ne fiya-fiya ko maganin feshin gona a jikin kare, ko shafa masa baƙin mai wai maganin ƙazuwa, lasa zai yi ya mutu ko fatar ta ƙone. Haka farasitamol da ibufurofen namu na mutane, kar a ba shi sai da izinin likita. Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, in ka matsa sai ka ga farar tsutsa ta fito, maganinsa mai arha shi ne a dafe wajen kwanansa da siminti a riƙa wankewa da omo da izal. Ƙudan da ke cinye bakin kunne kuwa baselin yana rage shi.

Aljihu na uku shi ne na ba-zata, kuma shi ne mutane suka fi raina wa. Kare zai yi faɗa ya yage, zai ci guba da aka sa wa ɓera, ko ya tsinke sarƙa ya kashe kajin maƙwabci ko akuyarsa a zo maka da ƙara wajen mai unguwa. Mafi muni ya ciji yaron mutane. In haka ta faru a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a garzaya asibiti, allurar mutum kuma ba ɗaya ba ce, jeri ne cikin makonni, ga tsada, kuma kai mai kare kai za a kalla. A ranar ne katin allurar karen nan zai yi maka rana. Ka riƙa ware wani abu duk wata a asusu daban, in shekara ta zagayo ba a taɓa ba sai ya biya allurai.

Bari mu haɗa da lambobin misali don a ga yadda ake yi, kai sai ka cire ka saka farashin kasuwarku na yau. A ce kwanon masara naira 1,500 ne, biyu da kuɗin niƙa 3,500. A ce kilon kayan ciki 3,000 ne, kilo 7 ya kama 21,000. Gawayi 3,000, omo da izal 1,500, maganin kaska 3,000. Na tsutsa a ce 3,000 duk wata 3, kason wata 1,000. Allurai da kuɗin ganin likita a ce 24,000 a shekara, kason wata 2,000. Ajiyar ba-zata 5,000. Jimla 40,000, kuma na karen gida ne fa mai cin tukunya. Ka ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ka gani. In Jaman Shefad ne ka kusa ninka layin abinci da na magani, in kuma akwai yaron da zai riƙa dafawa da sharewa da fita da shi to albashinsa ma layi ne, haka in kana yawan tafiya sai ka sallami wanda zai kula da shi.

Watan farko daban yake saboda kayan sau ɗaya, ɗaki ko keji mai inuwa da iska, ba kwanon rufi tsirara da zai gasa shi da rana ba, da sarƙa da abin wuya da kasko da takunkumin baki na zuwa asibiti. In karya ce ka sani tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, karnukan unguwa duk za su tare a ƙofar gidanka, ciki kwana 63 ne, kuma ta zubo maka shida ko takwas kowanne da bakinsa da allurarsa, ita kanta mai shayarwa cinta ninkawa yake. In ba kiwon sayarwa za ka yi ba ka tambayi likita kuɗin tiyatar hana haihuwa, ko fiɗiya in namiji ne, ka biya sau ɗaya.

Ni shawarata ga mai matsakaicin ƙarfi karen gida ne, ya saba da zafinmu, cinsa kaɗan, ba ya yawan kwanciya ciwo, kuma in ya ƙoshi haushinsa da dare ya isa ya tashi gida duka, wanda dama shi ake nema. Kafin ka ɗauko shi ka gwada wata biyu kana ware kuɗin da ka lissafa kana ajiyewa kamar karen yana nan. In ka iya ba tare da an taɓa cefanen gida ba, kuɗin da suka taru su ne na keji da alluran farko. In kuwa tun a sati na uku ka ranto daga ciki, gara ka ƙara tsayin katanga da fitila mai sola, ko ku haɗa kuɗin 'yan sintiri da maƙwabta.