Yadda za ki fara rainon yara a gida a Saudiyya ki ci halal ɗinki ba rigima

Raino dai ba baƙon abu bane a wajenmu, duk wadda ta zauna a unguwannin Shara Mansur ko Hindawiyya a Makka ta san gidan da maƙwabta ke ajiye yara in za su fita, a dawo a ce sannu Hajiya Allah Ya saka, wani lokaci a haɗa da ɗan wani abu wani lokaci ko sisi. Abin da ya canza shi ne yanzu buƙatar ta yi yawa sosai. Tun da gwamnati ta fito da tsarin raya ƙasa na 2030 a shekarar 2016 mata suka cika shaguna da asibitoci da otal-otal, a 2018 kuma aka ba su damar tuƙi, ga rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 da ya tashi unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulel, dangi suka watse, kakar da da take ƙofa da ƙofa da jikokinta yanzu sai an yi tafiya mai nisa a mota kafin a kai mata yaro. Uwa tana da dawam, wato lokacin shiga aiki, ƙarfe bakwai na safe, ina za ta kai jinjiri? Toh nan ne kasuwarki take 'yar uwa.

Amma kafin ki sayi ko da ƙwallo ɗaya na wasa, ki fara duba takardunki, don nan ƙasar ba a wasa da wannan. Ma'aikatar ƙwadago da muke ce wa Mawarid Bashariyya ita ke ba da lasisin wuraren kula da yara, diyafatul atfal, kuma akwai nau'in na cikin gida a ciki, wanda aka tsara shi don mata 'yan ƙasa. In kina da jinsiyya, wato ke 'yar ƙasa ce, Alhamdulillah, ki shiga shafin ma'aikatar ko ki buga 19911 ki karɓi sharuɗɗan da suke aiki a yanzu daga bakinsu, kar ki dogara da abin da wata ta turo a guruf, ana sabunta su. Lasisin nan ba wahala kawai bace, riba ce, saboda akwai shirin Qurrah na asusun Hadaf da ke taimaka wa 'yan ƙasa masu aiki a kamfanoni da kuɗin raino, kuma kuɗin nan wuraren da suka yi rajista kaɗai yake shiga. In kuwa iƙama gare ki, wato takardar zama ta baƙi, ki sani iƙama tana ɗaure da sana'ar da aka rubuta da kuma kafili, wato wanda kike ƙarƙashinsa a takarda, wadda take zaune a ƙarƙashin mijinta ma ba a ba ta damar yin kasuwanci haka kawai ba. Kuma dan Allah kar wata ta ce miki ai sai a buɗe da sunan ƙawarki 'yar ƙasa ke ki riƙa juyawa, wannan shi ne tasattur, dokar da aka sabunta a 2020 ta sa masa ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5. Ki tambayi ma'aikatar hanyar da ta halatta gare ki. Ranar da yaro ya faɗi ya fasa kai aka je asibiti, tambayar farko da za a yi ita ce a hannun wa yake, kuma da wane izini.

To sai maganar da ni a ganina ita ce ƙashin bayan sana'ar gaba ɗaya, wato yara nawa za ki karɓa. Lasisi zai yanke miki iyaka, amma ke ma ki yanke wa kanki wadda ta fi ta ƙanƙanta. Ki zauna ki yi wannan lissafin, in ƙararrawar gobara ta kaɗa a imara, wato benen da kuke ciki, yanzu-yanzu, lif ba ya aiki, ke kaɗai ce babba a gidan, yara nawa za ki iya saukowa da su ta bene a tafiya ɗaya? Ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa, sauran dole su zama masu tafiya da ƙafarsu suna riƙe da gefen abayarki. Wannan adadin shi ne adadinki. Ni ba na ganin mace ɗaya ta wuce jarirai biyu 'yan ƙasa da shekara, sai ta haɗa da manya biyu ko uku masu shekara biyu zuwa huɗu, in ya wuce haka sai da mataimakiya babba mai hankali, ba 'yarki 'yar shekara goma sha biyu da ta dawo daga madarasa a gajiye ba. Za a matsa miki wallahi, Maman wane za ta zo da kuka ta ce sati ɗaya kawai, sati ya zama wata, kafin ki ankara falo ya cika da yara tara kina ihu tun safe har yamma. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Uwar da ta leƙo ta ga yara huɗu a natse za ta biya fiye da wadda ta ga tara suna birgima, kuma ita ce za ta kawo miki ƙawayenta su jira layi.

Gyaran gida kuma ba sai kin kashe dukiya ba. Ki durƙusa ki yi rarrafe a falon da kanki, duk abin da idonki ya gani daga nan ƙasa shi yaro zai gani. Soket ɗin wuta a toshe, wayar caja a ɗauke, talabijin da durowa a ɗaure su da bango, igiyar labule a naɗe ta sama. Taga da baranda su ne abin tsoro a shuƙƙa, wato ɓangaren gida a bene, a sa musu ƙarfe ko makulli, kuma kar a bar kujera ko gado a ƙarƙashin taga. Ƙofar kicin a rufe, dabbar gas, wato tukunyar gas, tana ciki, a sa na'urar jin hayaƙi da tukunyar kashe gobara ƙarama. Banɗaki kullum a kulle daga waje, bokiti a kife, don ruwa kaɗan a bokiti ya isa ya halaka yaro mai rarrafe kuma ba za ki ji ko motsi ba. Clorox da Flash da Dettol su hau can saman kanta, kuma kada a taɓa haɗa Clorox da Flash wajen wanke banɗaki, iskar da suke fitarwa guba ce. Wani abu da baƙi ba su sani ba sai sun ƙone, lokacin zafi ruwan famfo da azahar tafasasshe yake zuwa saboda tankin yana saman rufi yana shan rana, don haka ki tari ruwan tsarkin yara tun da safe ki ajiye a abu mai murfi inda hannunsu ba ya kaiwa, kuma ki taɓa da gwiwar hannunki kafin ki zuba wa yaro. Mukayyif kuwa, wato AC, ki sa a wanke shi kafin zafi ya shigo, ki san gidan da za ki kai yaran in ya mutu da rana tsaka, Makka a watan Yuli ba wurin gwaji bane. Turaren wuta, na san da wuya, amma ki bari sai yara sun tafi.

Kwanciyar jarirai ki kula da ita sosai. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, kan katifa mai ɗan tauri, babu filo babu bargo mai kauri babu 'yar tsana a gefe, kowa da shimfiɗarsa, kuma a inda idonki ke kaiwa. Ko kakarsa ta ce a gida a kife yake kwana ya fi daɗewa yana barci, ki ce Hajiya ki yi haƙuri, nan gidan haka muke yi. Ba a jingina wa jariri fida da filo a tafi wani aiki. Madarar gwangwani in an haɗa ya fara sha, abin da ya rage bayan awa ɗaya zubarwa ake yi, nonon uwa da aka tatso kuma yana kai awa 4 a ɗaki, a sallaja, wato firji, har kwana 4, ki rubuta sunan yaro da rana a jikin kowace kwalba. Zuma ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara ɗaya. Dabino a cire ƙwallo a yayyanka, inabi a tsaga shi ta tsawo, gyaɗa da gugguru da alawa mai tauri ba na ƙananan yara bane. Abinci ni na fi son iyaye su kawo na jarirai, manyan kuma ki dafa musu abu mai sauƙi, kunun gyaɗa, faten dankali, shinkafa da miya mara yaji, ayaba, zabadi wato yogot, amma tun ranar farko ki tambaya ko akwai abin da jikin yaro ba ya so, gyaɗa ko ƙwai ko madara, ki rubuta ki manna a ƙofar sallaja.

A gefen takardar nan ki manna lambobi, 911 na gaggawa a yankin Makka, 997 motar asibiti ta Hilal Ahmar, 998 Difa'ul Madani masu kashe gobara, 937 na ma'aikatar lafiya in kina son shawarar likita ta waya. Ki haddace adireshin gidanki na ƙasa, don a ruɗe mutum har sunan unguwarsa mantawa yake. Hilal Ahmar suna koyar da taimakon gaggawa, ki je ki koya, musamman yadda ake yi wa yaron da ya shaƙe da abinci. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko amai ya zauna gida, ki faɗa tun farko don kar a ga kamar wulaƙanci ne, jariri ɗan ƙasa da wata uku kuwa in zafin jikinsa ya kai 38 asibiti ne kai tsaye. Magani sai wanda uwa ta kawo ta rubuta miki awo da lokaci. Masu ɗura wa yara maganin mura don su yi barci su samu sararin danna waya, ku ji tsoron Allah, wannan cin amana ne kuma yana kisa. Duka ma babu shi, ko uwa ta ce in ya yi ki zane shi, akwai dokar kare yara tun 2014 da layin taimakon yara 116111, ke dai ki ɗauke shi daga wurin rigimar ki zaunar da shi kusa da ke har ya huce.

Yini kuma ya kasance da tsari, ba wai a kunna katun tun safe a jera su gaban allo ba. Hukumar lafiya ta duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu a nesanta shi da allo, mai biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana. Karin kumallo, wasa a ƙasa da robobi da kwali da cokula, 'yar addu'a da gajerun surori ga masu baki, abincin rana, barci, wasa kuma. Ga wata dama da ke hannunki wadda manyan hadana, wato gidajen rainon yara, ba su da ita, Hausa. Yaranmu da yawa a nan suna tashi Larabci ya cinye bakinsu, in sun je Kano ko Damagaram sai dai su yi ta kallon kakanninsu, toh ki yi musu gatanan gatananku, Gizo da Ƙoƙi, waƙoƙin tawai da na dandali, iyaye da yawa saboda wannan kaɗai za su zaɓe ki.

Maganar kuɗi a yi ta ranar farko a rubuce, ko da a WhatsApp ne, kunya a nan ita ke kashe zumunci daga baya. Ki lissafa rabon haya da wuta da ruwa da abinci da sabulu da albashin mataimakiya, ki ɗora ladan wahalarki, ki raba da adadin yaran, sannan ki tambayi abin da hadana na unguwarku ke karɓa ki gwada. Jariri ya fi babba tsada don ya fi cin hannu. Famfas da madara da kayan canji na iyaye ne. A biya a farkon wata ba ƙarshe ba, ma'aikatan gwamnati albashinsu na shiga 27 ga wata, na kamfani kuwa kowa da ranarsa, sai ki tambayi kowace uwa ranar ratibinta, wato albashinta, ku tsayar. Ki faɗi lokacin rufewa da abin da za a ƙara in an makara, ki faɗi ko kina aiki Juma'a da Asabar, domin nas-nas da masu aikin otal kusa da Harami ba su san hutun ƙarshen mako ba, kuma suna neman mai riƙe yaro da dare, wanda kuɗinsa daban ne. Azumi da lokacin Hajji komai juyewa yake, dawam ya canza, wasu su yi tafiya wata guda, ki yanke tun yanzu ko wanda ya tafi hutu zai biya rabi don a riƙe masa gurbi, in ba haka ba za ki wayi gari da haya a kanki babu yaro ko ɗaya.

Hoton yaro ki tura wa uwarsa kaɗai, kar ki ɗora yaran mutane a Snapchat ko TikTok da sunan talla, dokar laifukan intanet ta 2007 ta hana keta sirrin mutane da kyamarar waya, kuma dama mutanenmu ba sa so saboda baki. Tallarki ita ce uwar da ta zo ɗaukar ɗanta ta same shi a wanke, a ƙoshe, kika ce mata Maman Ummi yau ya sha fida uku, ya yi barci sau biyu, ya ɗan bugi goshi a ƙafar kujera ga wurin nan na sa masa ƙanƙara. Ki faɗa da bakinki kafin ta gani da idonta.

Sai ƙofa. Kowane yaro a rubuta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauke shi, da lambobinsu. In wani ya ƙwanƙwasa ya ce ni kawunsa ne ko direban gidan ne aka aiko, ko da kin san fuskarsa a unguwa, ki bar shi a waje ki buga wa uwar, musamman inda kika san iyayen sun rabu ana ja-in-ja a kan yara. In wayarta ba ta shiga, yaro ya zauna wajenki har ta shiga, ko da zai kai isha'i.