Yadda za ka tsaya wa abokin da ke jinyar hatsari a gida

Ana ta tambayata yadda muka yi jinyar abokina da ya karye a cinya. Ga shi:

1. Tambayi mai jinyarsa lokacin zuwa.
2. Tsayar da rana ɗaya a mako. 'Yan dubiya ba sa daɗewa suke ɗauke ƙafa.
3. Liƙa lokutan shan magani a bango.
4. In ba ya motsi, a juya shi duk awa 2.

Hattara: a riƙa duba ƙugu da diddige, nan gyambon kwanciya ke farawa.

5. Karɓi mai jinya, ya samu ya runtsa.
6. Raka shi asibiti ranar komawa. Kada mai ɗori ya taɓa ƙafar da aka sa wa ƙarfe, ko wa ya kawo shi.
7. Kawo masa labarin majalisa, ya gaji da jin "ya jiki?"