Yadda na gyara gajeren link na odar taki

Tsarin shi ne: sunan manomi da garinsa su shiga Google Sheets, Make (manhajar da ke haɗa ayyukan wasu manhajoji su riƙa tafiya da kansu) ya haɗa link na fom ɗin odar taki a Google Forms da bayanan a cike, Bitly ya gajarta shi, SMS ya tafi. Sai mutanen garin Sule Tankarkar suka riƙa ganin "Sule" kaɗai a wurin sunan gari a fom ɗinsu.

Tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ce ke yanke link ɗin, tun kafin ya isa Bitly. Na buɗe sabon layi a Sheets na rubuta =ENCODEURL(B2), B2 shi ne gurbin da sunan garin yake. Wannan na mayar da tazara %20, harafin ɗ kuma %C9%97. Daga wannan layin Make zai riƙa ɗauka, kada a bar shi a kan na asali.

Wani abin ya fi cin kuɗi. SMS na ɗaukar haruffa 160, amma ƙ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, sai ya koma 70, a caje ka saƙo biyu ko uku. Ba a son raina ba na cire su daga saƙon, na bar su cikin fom.

Na kuma sa sharaɗi a Make: wanda ya riga ya samu gajeren link, a tsallake shi.