Kurakuran da muke yi da tawadar ruwa a kan leda

Ni dai ina aikin buga tambari a ledar fiya wata a nan ƙauyenmu gefen Ringim, kuma tunda muka bar tawadar tina (wadda ake sirkawa da sinadarin tina) muka koma ta ruwa mai maganin ƙwayoyin cuta, da aiki ya ɓaci sai kaji ance tawada ce ba kyau. Wallahi yawanci daga wajenmu ne.

Babban abin shine leda. Ruwa ba ya son zama akan leda, dunƙulewa yake kamar raɓa a ganyen gwaza, shiyasa dole sai anyi mata korona, wato a bi fuskar ledar da tartsatsin lantarki dan tawada ta kama. Da dayin ake auna yadda leda ke kama tawada, wadda ba a yiwa korona ba tana wajen dayin 31, tawadar ruwa kuwa 40 zuwa sama take so. Kuma ƙarfin koronar nan yana raguwa in leda ta daɗe a ajiye, balle a ɗakin kwano da zafin bazara. Bara mun ɗauko nadin leda daga Kano muka jibge wata biyu, muka buga, na manna salatif na fizge sai ga tambarin duka ya biyo shi, har lambar NAFDAC. Dan Allah ka sayi biron gwada dayin, ka ja layi kafin ka ɗora nadi, in layin ya tsinke ya zama ɗigo ɗigo kar ka fara.

Sai masu zuba ruwa in tawada tayi kauri. Sinadarin amoniya na cikin tawadar ne ya gudu, pH ɗin (ma'aunin tsami) ya faɗi ƙasa da 8.5, ruwa ba zai gyara ba sai dai kala ya koɗe. Maganin gyaran pH zaka sa kaɗan kaɗan kana juyawa, ka rufe bokiti.

Da damina kuma a rage gudun inji a ƙara iska mai zafi, in ba haka ba tawada ba zata bushe ba, nadin mannewa zaiyi.

Shi kuma maganin ƙwayoyin cutar, in garin zink oksayid ne kwanciya yake a gindin bokiti in ba a juyawa, in wanda ake kira kitosan ne kuma a ruwa mai tsami yake narkewa, ka zuba shi kai tsaye sai tawadar ta guntse kamar kindirmo.

Abinda yafi damuna, masu gidan ruwa da ke ganin tunda leda nada magani to shikenan. Tambarin a waje yake Alhaji, ba ya taɓa ruwan da yaranmu ke sha, tacewa da wanke tanki suna nan daram.