Yadda waya za ta taimaka wa matashin da hankalinsa ya fara taɓuwa

Jama'a, idan matashi ya fara keɓe kansa, yana zargin ana bibiyarsa, ko yana jin muryoyin da babu wanda ke ji, waya tana da amfani, amma ba ta maye gurbin likita.

A buɗe zauren WhatsApp na mutum 3 kawai, ciki har da wanda yaron ya fi yarda da shi, kuma da sanin yaron. Kullum a rubuta awa nawa ya yi barci, ko ya ci abinci, da ainihin abin da ya faɗa. A fi lura da barcin, domin sau da yawa shi ke fara lalacewa. In yana shan wiwi a rubuta, tana ƙara haɗarin. Bayan mako 2 a tafi da yaron da rubutun zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. In ya ambaci kashe kansa ko ya kwana 2 bai runtsa ba, a je a ranar.

Don Allah kada a ɗauki bidiyonsa a yaɗa: zarginsa zai ƙaru, ya daina yarda da kowa. Kada a sayi maganin da ake tallatawa a Facebook. Wanda likita ya rubuta, a saita masa ƙararrawar waya.