Darasi na 7: Kafin Ku Ɗauki Famfon Feshi

Toh 'yan uwa manoma, yau maganar ƙwarin gyaɗa da riɗi da waken suya za mu yi. Abin da ke damuna shi ne da mutum ya ga ƙwaro ɗaya a ganye sai ya ruga sayen magani, ya feshe gona kaf, bai ma tsaya ya ga ko wane irin ƙwaro ba ne.

Mu fara da gyaɗa. Ku ɗaga ganyen sama mai taushi ku duba ƙarƙashinsa, za ku ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe sun taru suna tsotsar ruwan shukar, ganyen har danƙo yake yi a hannu. Darɓa kenan, kuma ita ke yaɗa kuturtar gyaɗa, shuka ta tsugune ta ƙi girma ta ƙi 'ya'ya. Maganinta na farko ba a kwalba yake ba. Ku yi shuka da wuri da zarar damina ta zauna, kuma ku matse shukar kada ku bar fili tsakani, domin darɓa ta fi sauka inda gyaɗa take jefi-jefi ƙasa a buɗe. Gyauron bara kuwa ku tuge shi, a jikinsa cutar ke fakewa har ta jira sabuwar shuka.

Kada a maimaita iri ɗaya a gona ɗaya duk shekara, bana gyaɗa baɗi masara ko dawa. In gyaɗa ta nuna a cire ta, in ta daɗe a busasshiyar ƙasa gara ce za ta ci.

Sannan don Allah ku san abokanku. Wannan ɗan ƙwaron ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya darɓa yake ci, shi da 'ya'yansa, haka gizo-gizo da zanzaro, ga zuma da ke zagaya furen riɗi. Magani mai ƙarfi har su yake kashewa, shi ya sa bayan feshi wani lokaci ƙwarin ke dawowa fiye da da.

In abin ya yi yawa, a daka ƙwallon darbejiya busasshe, giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Yana rage tsutsar nan mai naɗe ganyen riɗi ma.

Aikin gida: ku zaga gona da safe, ku duba shuka 20 a wurare daban-daban, ku rubuta guda nawa ke da ƙwari, ku zo mana da lissafin.